Esha Ɗan Holan: Zanen Ƙasa ko Zanen Rufa-ido?



Duk wanda ya saba shiga falon mutane a unguwar nan, ko shagon tela da na mai aski a cikin kasuwa, ya san irin hotunan da muke ratayewa a bango. Akwai na Ka'aba da Masallacin Madina, wannan babu magana a kansa. Akwai kalandar banki ko ta ɗan siyasa. Sai kuma na ukun, hoton wata ƙasa wadda ba wanda ya san sunanta: ruwa na kwararowa daga kan dutse, ciyawa kore shar, ɗan gida mai jan rufi, wani lokaci har da ƙanƙara a kan tsauni. A can waje ake bugo su, mu 'yan kasuwa mu saro a Kano ko Legas mu kawo muku. Abin da ba ka cika gani ba shi ne hoton duwatsun nan da suka kewaye Mubi, ko kogin Yedzaram in ya cika a watan Agusta, ko garken shanu suna shigowa tike da hantsi. Kullum muna kallonsu, amma ba mu ɗauke su abin da ya isa a rataya ba.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu duba aikin wani Bature da ya bar karatun zanen gini ya koma zana ƙasa da duwatsu. A birnin Heg na ƙasar Holan akwai wani tsohon gidan sarauta, inda wata sarauniyarsu mai suna Emma take zama da hunturu. Tun shekarar 2002 aka mayar da gidan wurin nuna zane-zanen mutum ɗaya tak. Sunansa a rubuce Maurits Cornelis Escher, a baki kuwa Esha ake cewa. An haife shi a 1898, ya mutu a 1972. Duk mai waya a hannu, in ya rubuta sunan nan a intanet, zai ga abin da nake magana a kai, gani kuwa ya kori ji.

Duniya ta fi saninsa da zanen rufa-ido, irin matakalar da ake ta hawa ba a kaiwa sama, da ruwan da yake komawa inda ya zubo. Su ake bugawa a jikin riguna da bangon littattafan lissafi. Ni kuwa a nawa ganin, zanen ƙasar da ya yi, wanda shi da kansa ya raina daga baya, shi ne ya fi nauyi a sikeli. Bari in kawo dalilaina, mai karatu ya yi alƙalanci.

Daga awon gini zuwa wuƙar sassaƙa

Mahaifin Esha injiniyan gwamnati ne, mutum mai rufin asiri. Yaron bai yi ƙoƙari a makaranta ba, har ya faɗi jarrabawar ƙarshe ta sakandare, abu ɗaya da hannunsa ya faɗa a kai shi ne zane. Uban ya yi irin tunanin da kowane uba zai yi: tunda zane ya iya, to ya je ya koyi zanen gini, sana'ar da ake girmamawa kuma ake ci da ita. A 1919 ya shiga makarantar zanen gini da ƙawa ta garin Harlem. Bai daɗe a ajin ba wani malami mai suna Samuyel de Meskita ya ga 'yan zane-zanen da yaron ya sassaƙa ya buga, ya ce masa wannan ce hanyarka, ba gini ba. Uban ya yarda, ba don ransa ya so ba. Malamin nan Bayahude ne, mutanen Hitila suka kama shi a 1944 suka kashe shi, kuma Esha ne ya shiga gidansa da aka wawashe ya tsince abin da ya rage na aikinsa ya adana. Almajirin da ya riƙe amanar malaminsa haka ya cancanci a ambata masa.

Sana'ar da ya koma ba irin zanen fenti da buroshi ba ce da muke gani a jikin manyan motoci. Ku tuna mai yanka hatimi, wanda yake zama da 'yar wuƙarsa da guntun roba ya yanka sunan makaranta ko na ƙungiya a juye, in an dangwala a tawada aka buga a takarda sai ya fito daidai. To aikin ke nan, sai dai hatimin Esha allon katako ne. Inda yake son fari sai ya ƙwaƙule, inda yake son baƙi ya bari. Ya shafa tawada, ya shimfiɗa takarda a kai, ya bi bayanta da ɗan cokalin ƙashi yana gogawa har tawadar ta kama. In wuƙa ta zarce, shi ke nan, ba gogewa ba cikewa. Hanya ta biyu ita ce bugun dutse, wadda wani Bajamushe mai suna Senefelda ya gano a 1796. Ana zana abin da ake so da alli mai maiƙo a kan wani dutse mai sumul, a jiƙa dutsen da ruwa, sannan a bi shi da tawada mai mai. Tawadar sai ta kama inda maiƙo yake ta ƙi inda ruwa yake, tunda ruwa da mai ba sa ga maciji. Ta waɗannan hanyoyi da makamantansu Esha ya bar zane 448 na bugawa, ban da na fensir fiye da 2,000.

Ka ga ke nan bai yi nisa da maginin da ubansa ya so ya zama ba. Magini ba ya aza tubali sai ya ja igiya ya auna, don ya san in tushe ya karkace katanga ba za ta miƙe ba. Mai sassaƙa allo ma dole ya gama lissafinsa kafin wuƙa ta taɓa katako. Esha bai taɓa zama mai zanen gini na sana'a ba, amma idon magini ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma wannan idon shi ne alherinsa, shi ne kuma ya jawo masa abin da zan soka nan gaba.

Ƙauye a kan dutse

A 1922 ya tafi Italiya, ya yi aure a 1924, ya zauna a birnin Roma har 1935. Kowace shekara in sanyi ya wuce sai ya ɗauki jaka ya shiga ƙauyukan kan duwatsu, yawanci a ƙafa, wani lokaci da alfadari, yana zana abin da ya gani. In hunturu ya dawo ya zauna a gida ya mayar da su kan allo ko kan dutse.

Wanda ya fi burge ni a wannan zamani nasa shi ne zanen ƙauyen Castrovalva, bugun dutse na 1930. Mai kallo yana tsaye ne a kan wata siririyar hanya a gefen tsauni. A gabanka, dab da ƙafarka, ga ciyayi da furanni, ga wani ƙwaro, ga katantanwa, kowanne an fitar da shi dalla-dalla kamar ka sunkuya ka ɗauka. Ka ɗaga kai, can sama a hannun hagu ga ƙauyen a tsinin dutse, gidajen sun manne da dutsen har ba ka rabe inda dutse ya ƙare gini ya fara. Ka juya dama, sai ƙasa ta zube maka ƙasa, kwari mai zurfi, gonaki an yanka su gida-gida, da wasu garuruwa biyu, ɗaya kusa ɗaya can nesa. Abu uku ya haɗa a takarda ɗaya, na kusa da na tsakiya da na nesa, kuma babu wanda ya danne wani.

Abin da ya sa na ce idon magini ne, zanen yana gaya maka dalilin da ya sa garin yake inda yake. Mai ɗaukar hoto zai ce wurin ya yi kyau ya wuce. Esha ya nuna maka wahalar hawan, ya nuna maka cewa gona tana ƙasa gida yana sama, ke nan mutanen nan kullum sai sun sauka sun hau, kuma ba wanda zai zaɓi wannan wahala sai wanda tsoro ya kora. Mu a nan ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Maƙwabtanmu Fali da Gude da Higi da Margi, kakanninsu da yawa a kan duwatsun Mandara suka yi zama a zamanin yaƙe-yaƙe da hare-hare, suka tokare gangaren dutse da jeren duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa. Wanda ya taɓa bin hanyar Michika zuwa Madagali, in ya ga zanen nan zai rantse ya san wurin.

Ba wai ba shi da aibi ba. Gajimaren da ya zana sun yi nauyi, kamar curin auduga da aka ɗora da hannu. Magini ya san dutse da katanga, amma iska da hazo ba sa tsayawa a auna su, shi ya sa duk abin da yake motsi yakan sandare a hannun Esha. Haka kuma da wuya ka ga mutum a zanensa na ƙasa, in ma ka gani ɗan ƙarami ne a ƙame kamar turke. Garuruwansa kamar an fita sallar Idi an bar su. Wannan rashi ne, domin gari da mutane yake gari. Amma duk da haka, abin da ya ɗauka ya riƙe shi da gaskiya, bai ƙara wa dutse tsawo don ya burge ka ba.

Abin da ya ɗauko a Andalus

A 1935 ya bar Italiya, saboda mulkin Musolini ya kai ga an tilasta wa ɗansa mai shekara tara sa kayan 'yan sa-kai na jam'iyya. Ya koma Suwizalan, ƙanƙara ta ishe shi, ya wuce Beljiyam a 1937, sannan Holan a 1941. Shi da kansa ya faɗa cewa ƙasashen nan ba su ja idonsa kamar kudancin Italiya ba, don haka ya daina duban waje ya koma zana abin da yake cikin kansa.

A tsakanin nan ne, a 1936, ya yi wata dabara da ta burge ni a matsayina na ɗan kasuwa. Ya rubuta wa wani kamfanin jiragen ruwa na dakon kaya cewa su ɗauke shi yawo a tekun Bahar Rum, shi kuma ya biya su da zanen jiragensu da tashoshin da suka tsaya. Suka yarda. Wannan tafiyar ce ta sake kai shi fadar Alhamra a Garnaɗa, wadda ya fara gani a 1922. Fadar sarakunan Banu Nasar ce, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a 1492. Ya yi kwanaki shi da matarsa suna kwafar adon tayil na jikin bangon, irin adon da siffa ɗaya take shiga cikin 'yar'uwarta, ta cika bango kaf ba rata ba haurawa. Daga nan ya wuce ya ga babban masallacin Ƙurɗuba.

Ya yaba wa maginan Musulmi ƙwarai, amma ya ce abin takaici ne da addininsu ya hana su sa siffar mai rai a cikin adon. Sai shi ya ɗauki lissafin nasu ya cika shi da tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru da mahaya dawaki. A nan nake da ja da shi. Na farko, ba a rasa siffar mai rai a Alhamra ba, ga zakuna goma sha biyu na dutse suna ɗauke da kwanon ruwa a tsakar gidan, har yau suna nan. Ke nan masu adon bangon ba kasawa suka yi ba, zaɓi suka yi. Na biyu, zaɓin yana da hikima. Adon da babu fuska a cikinsa ba ya tsayar da ido a wuri ɗaya. Ka bi layi ya kai ka ga tauraro, tauraro ya buɗe ya zama wani, har bango ya ƙare adon bai ƙare ba, zuciya ta natsu. A bangon nan an yi ta maimaita rubutun da yake cewa babu mai rinjaye sai Allah, kuma adon da rubutun magana ɗaya suke yi. Da Esha ya sa ƙadangare, sai ido ya tsaya yana neman kai da wutsiya, yana mamakin yadda aka yi suka shige juna. Natsuwa ta tafi, wasa ya zo. Wasan gwani ne, ba musu, amma wasa ne.

Mafi kyau a cikin wannan kashi shi ne wanda ya kira Dare da Rana, bugun katako na 1938. Gonakin Holan ne a shimfiɗe, murabba'i baƙi da fari. Ido na hawa sama sai gonakin su riƙa sauya siffa har su zama tsuntsaye, farare suna tashi zuwa ɓangaren dare, baƙaƙe zuwa ɓangaren rana, kuma a kowane gefe ga gari da kogi, ɗaya madubin ɗaya. Ya fi duk sauran aikinsa kasuwa, ya buga fiye da 600 da hannunsa. Me ya sa ya fi 'yan'uwansa? Domin har yanzu ƙafarsa tana ƙasa. Tsuntsayen daga gona suka fito, kuma duk manomin da ya taɓa korar jan-baki daga gonar dawa ya san gona da tsuntsu ba sa rabuwa.

Matakalar da ba ta kai ko'ina

Daga nan sai gine-ginen da ba za su ginu ba. A 1960 ya buga Hawa da Sauka: wani babban gida, a kan rufinsa matakala mai kusurwa huɗu, mutane sanye da riguna masu hula suna jere, layi ɗaya na hawa layi ɗaya na sauka, kuma kowa yana dawowa inda ya fara. A 1961 ya buga na ruwan da yake zubowa ya juya injin niƙa, ya bi kwata, sai ga shi ya koma sama ya sake zubowa. Dabarar ba tasa ba ce shi kaɗai, wasu masana biyu 'yan Ingila, uba da ɗa masu suna Fenros, su suka wallafa siffofin a 1958, shi kuma ya gina musu gida a takarda.

In ka fara gani dole ka riƙe baki. Ka bi da yatsa, ka sake bi, ba ka kama inda aka yaudare ka ba. Amma ranar da ka gane cewa kusurwa ɗaya ce aka haɗa abin da yake kusa da abin da yake nesa, to an gama. Kamar mai rufa-ido ne a kasuwa, ranar farko taro ya kewaye shi, ranar da yara suka gano inda yake ɓoye ƙwandalar sai kowa ya kama gabansa. Ilimin awon da ya yi amfani da shi ya gaya mana gaskiyar Castrovalva, shi ne yanzu ya juya yana wasa da idonmu. Ba zan kira shi ha'inci ba, tunda mai mudu mai ɗagaggen gindi ɓoyewa yake yi, shi kuwa Esha a fili ya ce zo ka ga yadda idonka yake ruɗuwa. Amma mudun da ba a awo da shi, kome kyansa, ado ne.

Zan ba shi haƙƙinsa a wuri ɗaya. A Hawa da Sauka akwai mutum biyu da ba su shiga layin ba, ɗaya ya jingina yana kallon masu zagayen, ɗaya yana zaune a matakalar ƙasa ya juya musu baya. Wannan kam akwai wa'azi a ciki, kuma mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin tafiyar da ake yi daga asuba zuwa magariba a dawo inda aka tashi. Sai dai wa'azin jimla ɗaya ne, in ka ji shi ka ji shi. Zanen ƙasa kuwa ba ya ƙarewa da ji ɗaya. Ku ma lura, a bayan injin niƙan nan na ƙarya, abin da ya cika takardar gonaki ne hawa-hawa irin na kudancin Italiya. Shekara ashirin da shida da barinsa can, hannunsa bai manta ba.

Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. A 1952, a tsakiyar shekarun rufa-idon nan, ya yi wani bugun katako mai launi uku wanda a wurina ya fi duk abin da ya yi bayan barin Italiya. Hanya ce ta ƙasa bayan an ɗauke ruwa. Ga taɓo, ga sawun tayar mota, ga na keke, ga sawun takalmin mutum biyu, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya. A tsakiya ɗan ruwa ya kwanta, a cikinsa kuma ga bishiyoyi a kife da wata ya cika. Ba dabara ko ɗaya a ciki, abin da kowa ya taɓa tsallakewa ne a lungun Kolere da damina yana tsaki. Mutanen da ya kasa zanawa a tsaye, ga su nan ya kawo su ta sawunsu. Sama da ƙasa sun haɗu ba tare da an karya dokar awo ba. Nan ne gwanintarsa da gaskiya suka zauna a tabarma ɗaya.

To mu fa?

Kada wani ya ce wannan harkar Turawa ce. Idon magini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara, ya ɗaure bakan-gizon da masana gini suke zuwa kallo har yau. A Jamhuriyar Nijar, Falke Barmu ya fara masallacin Yama a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Lissafin adon da Esha ya je nema Alhamra kuwa, danginsa yana cikin zayyanar allon mai sauka, da aska takwas a gaban babbar riga, da zanen da matan Fulani da na Ga'anda suke ƙonawa a jikin ƙwarya da wuƙa mai zafi a nan Adamawa. Hannun yana nan, wuƙar tana nan.

Sana'ar bugawar ma ta daɗe da shigowa. Bruce Onobrakpeya, ɗan Urhobo daga jihar Delta, a Zariya ya yi karatun zane daga 1957, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ya zama babban mai zanen bugawa na Nijeriya. Abokin karatunsa Demas Nwoko shi kuma hanyar Esha ya bi a juye, daga zane ya koma gini, har aka ba shi babbar lambar yabo ta masu gini a birnin Benis na Italiya a 2023. Ke nan tsakanin sana'o'in biyu ƙofa ce a buɗe, ana shiga ana fita.

Abin zanawa kuwa ya fi ƙarfin mai zane. Ga Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, da fadar Hidi da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse da gonakin hawa-hawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a duk Nijeriya. Ga tsaunukan Rumsiki a tsallaken iyaka cikin Kamaru, a tsaye kamar an kafa su. Ga duwatsun da muke gani daga ƙofar gida, launinsu daban da damina, daban in hazon hunturu ya sauko.

Mu da muka ga ranar 29 ga Oktoba 2014, muka bar garin nan a ƙafa, wasu ta cikin duwatsun nan har Kamaru, mun san cewa gari yana iya sauya kama a yini ɗaya. Ko ba tashin hankali ma, bulo da kwano suna cinye ginin ƙasa, ana sare manyan bishiyoyi, fili ya zama shaguna. Nawa ne cikinmu za su iya nuna wa jikokinsu yadda lungunsu yake shekara ashirin da suka wuce? Za a ce ai akwai waya. Hoton waya yana tafiya da wayar, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Kuma mai waya daƙiƙa ɗaya yake ba wuri, mai zane kuwa sai ya yini a zaune yana kallo, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Allo ɗaya kuma zai buga hamsin, gida hamsin su rataya.

Na san tambayar da za ta biyo baya, don an saba yi mini irinta bayan salla. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce da yin hotuna yake ci. Ɗan Abbas ya gaya masa gargaɗin da ya ji game da masu surantawa, mutumin ya firgita, sai ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani mai faɗi kan bambancin siffa mai inuwa da wadda take shafe a takarda, wannan sai a zauna da malamai. Amma dutse da kogi da gona da gari, ƙofarsu a buɗe take. Wanda ya zauna yini guda yana duban yadda aka kafa dutse don ya zana shi daidai, bai yi nisa da tunani cikin halittar Allah ba.

Saura magana ga iyaye da samari, kuma a nan ɗan kasuwa ne yake magana. Kada yaro ya karanta wannan ya je ya ce wa mahaifinsa ya bar makaranta zai zama Esha. Esha dukiyar gidansu ce ta riƙe shi shekara da shekaru, sunansa bai fita duniya sosai ba sai 1951, lokacin da manyan mujallun Amurka suka yi rubutu a kansa, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Wanenmu zai ciyar da ɗa har ya yi furfura? Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne Onobrakpeya, wanda ya riƙe aikin koyarwa a wata sakandare a Legas daga 1963 zuwa 1980, yana koyarwa yana bugawa. Mai karatun zanen gini ya ƙarasa karatunsa, awon da yake koyo shi ne jarinsa. Kayan farawa kuwa ba su da tsada: guntun katako mai laushi daga wurin kafinta, wuƙa mai kaifi, tawada daga masu buga katin biki, takarda, da cokali. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana zana dutse a bayan littafinsa, kada a yi saurin cewa shiririta ce. A tambaye shi wane dutse ne, in ya iya nuna shi, to a saya masa takarda.

Mu kuma masu shaguna, ranar da wani yaron unguwar nan ya kawo zanen Yedzaram ko na tike wanda ya buga da hannunsa, mu ba shi wuri a jikin bango kusa da na ƙasar da ba ta da suna, mu sa masa kuɗi na mutunci, mu bar masu saye su zaɓa.

Allah Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya sa albarka a hannun 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.